Bulon da ke wanke allo kafin ya haddace

Ɗan yayata ne ya kira ni wata Asabar bayan La'asar, muryarsa a dushe irin ta wanda bai runtsa ba. "Kawu, a fayil yana aiki lafiya lau. Da na jona eriya sai ya kurumce." Na ce masa ya bar komai yadda yake, kada ya goge ko layi ɗaya, gobe in Allah ya kai mu zan taso daga Agege in same shi a Apapa. Na rubuta wannan bayani ne saboda matsalar da ta hana shi barci ita ce ke kayar da kusan duk wanda ya zauna rubuta bulonsa na farko, wato ɗan guntun manhaja mai aiki guda, a GNU Radio, manhajar haɗa rediyo a kwamfuta, kuma ban taɓa ganin an warware ta da Hausa ba.

Asalin lamarin

Mahaifinsa, Alhaji, yana da 'yan tireloli masu ɗaukar kwantena daga tashar Apapa da ta Tin Can zuwa Kano. Rabin rayuwar mai wannan sana'a jira ne: jirgi ya iso ko bai iso ba, yana can waje ya jefa anga ko ya shigo ya ɗaure. Akwai shafukan intanet masu nuna inda jiragen ruwa suke, kuma Alhaji na duba su. Yaron kuwa, da ya gama karatun lantarki yana zaune a ofis yana rubuta rasit, sai ya tambayi kansa daga ina waɗannan shafuka ke samun labarin. Amsar ita ce jiragen da kansu ne ke shela a iska, kuma duk mai eriya a kusa da teku zai ji.

Ya sayi 'yar na'urar nan mai kama da filas da ake kira RTL-SDR. Asalinta na kallon talabijin ce a kwamfuta, sai a wajen 2012 masu bincike suka gano cewa ƙwaƙwalwar cikinta, RTL2832U, tana iya miƙa ɗanyen sigina ga kwamfuta ba tare da ta taɓa shi ba. Tana jin mitocin rediyo daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700. Duk abin da rediyon da muka sani ke yi da ƙarafa da wayoyi, wato tacewa da warwarewa, a nan manhaja ce ke yi. Manhajar da ya zaɓa GNU Radio ce, wadda Eric Blossom ya faro a 2001, kyauta ce ga kowa. A cikinta ana jera bulo ne, kowane da aikinsa, a ja layi daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, sigina ya riƙa gudana kamar ruwa a bututu.

Akwai manhajoji da aka riga aka gama masu karanta saƙon jiragen, kuma GNU Radio kanta tana da bulo mai ware irin wannan saƙo. Yaron ya sani. Ya ce yana son ya ga har saƙonnin da suka lalace a hanya, ya ƙirga su, don ya san ko eriyarsa ce mai laifi, bulon da aka gama kuwa zubar da su yake yi shiru. Dalili ne mai kyau. Amma ko da babu shi zan goyi bayansa, domin wanda bai taɓa rubuta bulo da hannunsa ba, mai jera kayan wasu ne kawai, ranar da abu ya tsaya bai san inda zai leƙa ba.

Abin da jirgi ke faɗa

Tsarin sunansa AIS. Dokar kare rayuka a teku ta wajabta shi kan manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, daga masu girman tan 300 zuwa sama. Ana watsa shi a mitocin rediyo biyu, megahaz 161.975 da 162.025, bit 9,600 a daƙiƙa, kowane bit sifili ne ko ɗaya. An yanka kowane minti gida 2,250, kowane jirgi ya kama gidansa ya yi magana ya yi shiru. Gida ɗaya bit 256 ne, bai kai kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa ba. Jirgin da ke tafiya yana faɗin inda yake duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10, wanda ya jefa anga kuma duk minti 3. Wannan gajeren saƙo bit 168 ne. Akwai kuma dogo, mai bit 424, da ke fitowa duk minti 6, shi ne mai ɗauke da sunan jirgi da tashar da ya nufa da lokacin da yake sa ran isa. A riƙe wannan bambanci na gajere da dogo, zai dawo.

Kafin a kai ga saƙon sai an kwance ƙulli uku. Na farko, jirgi ba ya aiko sifili da ɗaya kai tsaye: in sigina ya juya, sifili ke nan, in ya tsaya yadda yake, ɗaya ke nan. Ke nan ba a san ma'anar bit sai an san wanda ya gabace shi. Na biyu, saƙo na farawa da tuta yana ƙarewa da tuta, wato sifili, ɗaya guda shida, sifili. Don kada wani abu a cikin saƙo ya yi kama da tuta, duk inda ɗaya biyar suka jeru sai mai aikawa ya cusa sifili, mai karɓa kuma dole ya ƙirga ya cire. Na uku, a wutsiyar saƙo akwai bit 16 na tantancewa, lissafi ne da ke nuna ko wani abu ya canza a hanya. Bulon yaron aikinsa ke nan, ya kwance ukun nan.

Wahalhalun farko ya sha su shi kaɗai kafin ya neme ni, kuma ba zan daɗe a kansu ba. Eriya ya yi da wayar tagulla mai tsawon kusan santimita 46, rubu'in tsawon zangon, ya ɗaure a saman benen ofis. Gidajen rediyon FM na Legas, da ke cunkushe tsakanin megahaz 87.5 da 108, suka riƙa toshe wa na'urar kunne, don matakin awonta 256 ne kacal, mai ƙarfi na danne mai rauni. Ya rage ƙarfin shiga, ya sa rariya mai tare FM. Agogon cikin na'urar kuma ba daidai yake ba. Kuskuren kashi 30 cikin miliyan a megahaz 162 ya kusa kai kilohaz 5, alhali juyin siginar kansa kilohaz 2.4 ne kowane gefe, dole ya auna ya gyara. Sannan da farko ya so bulonsa, da ya rubuta da harshen kwamfuta na Python, ya bi awon sigina miliyan 2.4 da na'urar ke miƙowa a daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya, sai harafin O ya cika masa allo, alamar kwamfuta ta gaza tana zubar da awo. Ya gane da kansa cewa aikin nauyi na bulolin da aka riga aka gina da C++ ne, harshen da ya fi Python sauri: su tace, su rage awo zuwa 48,000 a daƙiƙa, biyar ga kowane bit, su daidaita lokaci, shi kuma ya karɓi bit 9,600 kawai. Na yaba masa a nan ƙwarai.

Inda ya kurumce

Na same shi a ɗan ɗakin saman bene, fanka na juyawa da wutar inbata, ta taga ana hango ƙugiyoyin ɗaga kwantena. Ya nuna min. Ya ɗauki ɗanyen sigina na 'yan mintoci ya adana a fayil. In ya zuba fayil ɗin a jerin bulolinsa, jirage na zubowa a allo da lambobinsu da sunayensu. In ya cire fayil ya jona eriya, sai saƙo ya riƙa ɗigowa ɗaya-ɗaya, kuma babu suna ko ɗaya.

Shi eriya yake zargi, ya sake ta har sau biyu. Na tambaye shi, "Fayil ɗin nan da wace eriya ka ɗauka?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ita, Kawu." To eriya ta fita. Na'ura ma ta fita, rariya ma haka, tunda duk su suka haifi fayil ɗin da ke aiki. Abin da ya rage shi ne yadda sigina ke isowa wurin bulonsa, da kuma wannan alama ta dogon saƙo da ya ɓace gaba ɗaya alhali gajere na tsira jifa-jifa. Ruwa ba ya tsami banza. Raunin sigina zai fi cin dogon saƙo, gaskiya ne, amma ba zai shafe shi ƙaf ba daga jirgin da ke ɗaure a gaban hancinmu.

Na ce ya ƙara layi ɗaya: duk lokacin da aka kira bulon, ya rubuta bit nawa aka ba shi.

Ga yadda GNU Radio ke tafiyar da bulo. A cikin kowane bulo akwai wani sashe mai suna work. Ba kai ke kiransa ba, mai rabon aiki na manhajar ne ke kiransa, duk sanda ya ga wani abu ya taru a rumbun da ke gabanka. Ya miƙo maka abin da ya taru, ka yi aiki, ka faɗa masa nawa ka cinye, ya tafi ya dawo da wani. Nawa zai kawo? Bai yi maka alkawari ba. Bai san akwai wani abu wai shi saƙo ba, bai san tuta ba. Ruwa yake ɗiba daga rafi, wani zuwan cikin garwa, wani zuwan cikin ludayi.

Lambobin suka fito. Da fayil, dubban bit ake ba shi a kira guda, domin fayil na zubowa da iyakar gudun kwamfuta, bulon Python shi ne mafi jinkiri a jerin, saboda haka kullum rumbunsa a cike yake. Da eriya kuwa sigina na zuwa ne da gudun da jirgi ya aiko shi, bulon na zaune yana jira, da ɗan abu ya taru sai a miƙo. Wani kiran 'yan gomomi, wani 'yan ɗaruruwa.

Sai muka buɗe abin da ya rubuta. A saman work ɗinsa akwai layuka huɗu: bit na baya sifili ne, ƙirgen ɗaya sifili ne, ba mu cikin saƙo, kwandon tara bit fanko ne. Kowane kira daga nan yake farawa. Na ce masa, "Ka tuna makarantar allo? Yaushe ake wanke allo?" Ya ce, "In an haddace." Na ce, "To naka yana wankewa ko ya haddace ko bai haddace ba." Duk saƙon da aka kawo rabinsa a wannan kira, rabi a na gaba, ya tafi. A fayil, inda yanki ke da dubban bit, saƙo kaɗan ne ke faɗawa kan gaɓa, asarar ba ta ganuwa. A iska, inda yanki bai cika kai tsawon saƙon ba, gajere sai ya yi sa'a yake shiga yanki ɗaya, mai bit 424 kuwa kusan ba shi da hanya.

Don ya gani da idonsa, muka sa bulon Throttle bayan fayil, mai tilasta masa zubowa da gudun gaske. Nan take fayil ɗin da ke ba da jirage ya kurumce shi ma. Wannan mataki na fi so masu koyo su ɗauka: kafin a gyara cuta a tabbata ana iya tayar da ita a kan tebur duk sanda aka ga dama. In ba haka ba, ba za a san gyara ne ya yi aiki ko sa'a ba.

Gyara

Dabarar da ta fara zuwar masa ita ce set_history, wadda ke sa mai rabon aiki ya riƙa haɗo maka wasu bit na baya tare da sababbi. Na bar shi ya gwada, ya nemi 500. Sunaye suka fara fitowa, ya yi murna, sai kuma muka ga jirgi ɗaya na fitowa sau uku, sau huɗu a jere, domin saƙon na nan cikin tsohon yanki ana sake karanta shi a kowane kira. Ana iya toshe wannan da ƙarin dabara, amma gini ne kan gini. An yi set_history ne don irin rariya, wadda ke buƙatar ƙayyadadden adadin awo na baya don ta fitar da na yanzu. Mai neman saƙo buƙatarsa daban ce, so yake ya tuna inda ya tsaya.

Gyaran gaskiya bai kai layi goma ba. Abubuwa huɗun nan muka ɗauke daga cikin work muka kai su inda ake gina bulon tun farko, suka zama kayan jikinsa, suna nan daga kira zuwa kira. Work ya koma yin abu ɗaya: ɗauki bit, duba halin da kake ciki, sabunta shi, ɗauki na gaba. In tutar rufewa ta zo kuma lissafin tantancewa ya yi daidai, sai ya tura saƙon ta ƙofar saƙonni, ba ta bututun sigina ba, tunda saƙo abu ne mai zuwa jifa-jifa. In bai yi daidai ba ya ƙara a ƙirgen lalatattu, abin da yaron ke nema tun farko.

Tunawa kuma tana da nata haɗari, kuma mun ci karo da shi a wannan yammacin. Mafi yawan lokaci babu jirgin da ke magana, hayaniya ce kawai ke shigowa, bit barkatai. Tuta bit 8 ce, saboda haka a cikin hayaniya za ta fito da kanta kusan sau ɗaya a kowane bit 256, wato sama da sau 30 a daƙiƙa. Bulon sai ya ɗauka saƙo ya fara, ya hau tarawa. Muka sa masa ƙa'idoji: ɗaya bakwai a jere na nufin a watsar a koma nema, abin da ya zarce iyakar saƙon AIS, wanda ba ya wuce gida biyar, a zubar, abin da bai kai tsawon saƙo ba ko bai rabu takwas-takwas ba, kada ma a ɓata lokacin lissafi a kansa, kowace tuta kuma a ɗauke ta a matsayin mai yiwuwar buɗe sabon saƙo. Bit 16 na tantancewa na barin shara ta wuce kusan sau ɗaya cikin 65,536, don haka wanda bai tace da tsawo ba, wata rana zai ga jirgin ruwa a tsakiyar hamada.

Sai na tilasta masa abin da bai so ba, don yana ɗokin komawa kan eriya. Na ce ya ciro zuciyar aikin daga GNU Radio gaba ɗaya, ta zama Python zalla mai karɓar bit tana mayar da saƙo, bulon ya zama riga kawai. Sannan ya rubuta gwaji: a ɗauki jerin bit guda wanda an san saƙonnin cikinsa, a ba shi duka a tashi ɗaya, a sake ba shi ɗaya-ɗaya, a sake bakwai-bakwai, a sake a yanka barkatai. Dole amsa ta zama iri ɗaya a kowane hali. Da wannan gwaji ya kasance tun ranar farko, da bai hau bene ya sauya eriya sau biyu cikin zafin rana ba. A ganina duk bulon da ke tuna wani abu, bai cancanci a jona shi da eriya ba sai ya ci wannan jarrabawa.

A kwanakin da suka biyo baya ya mayar da shi cikakken kunshi da gr_modtool, wani kayan aiki na GNU Radio, wanda ke gina maka ƙwarangwal har da fayil ɗin gwaji. A nan ya ɗan ɓata kwana biyu, saboda darussan da yake bi a intanet na tsohon zubi ne. A zubi na 3.8 na GNU Radio aka sauya yadda ake bayyana bulo, a 3.9 aka sauya hanyar ɗaura C++ da Python, shi kuma 3.10 ke kwamfutarsa. Duk mai bin darasi ya fara duba zubin da aka rubuta shi dominsa. Ya so kuma ya sake rubuta bulon da C++. Na ce ya dakata. Bit 9,600 sau biyu, na mitocin biyu, ba nauyin da zai gagari Python ba ne a kwamfutar da yake da ita, kuma bulon da kake iya karantawa ka gyara da dare ya fi maka amfani yanzu. Ranar da ya auna ya ga bulon ne ke cinye ƙarfin na'ura, sai mu yi maganar.

Inda aka tsaya

A ranar da na je, bayan Magariba muka jona eriya. Lambobi suka fara sauka, kowace mai lamba tara, ukun farko na nuna tutar ƙasar da jirgi ke ɗauke da ita: 657 Najeriya, 636 Laberiya, 538 Tsibiran Marshal. Wuraren da suke faɗa duk suna kewayen digiri 6.4 arewa, 3.4 gabas, wato Legas. Wannan ma gwaji ne mai kyau, domin kowane rukunin bit takwas ana aiko shi ne daga ƙarami zuwa babba, wanda ya manta juyawa zai ga lissafin tantancewa ya yi daidai amma lambobin jirgi sun zama shirme. Cikin minti shida sunan farko ya fito, da tashar da ya nufa. Yaron bai ce komai ba, ya dai kama baki.

Na ja masa kunne kan abu ɗaya. Na'urarsa ji kawai take yi, ba ta iya watsawa, kuma haka ya kamata ya tsaya. Akwai wasu irinta masu watsawa, kuma waɗannan mitoci biyu da su matuƙa ke kauce wa karo da juna cikin dare da hazo. Watsa sigina sai da lasisi, wannan wuri kuwa rayukan mutane ne.

Alhaji ya hawo daga baya ya tsaya a bayanmu yana kallo. Ya tambaye ni, "Injiniya, wannan zai fito min da kwantena?" Na ce a'a, Alhaji. Zai gaya maka jirgi ya ɗaga anga ya shigo ta bakin Tarkwa Bay, zai gaya maka ya ɗaure. Sauke kaya da takardun kwastan da samun izinin shigar tirela ta manhajar Eto, wadda hukumar tashoshin ruwa ta fara aiki da ita a 2021, duk suna nan yadda suke. Ya gyaɗa kai, ya ce ko sanin ranar da zai fara kiran direbobi daga gareji wani abu ne.

Abu biyu suka rage, kuma ƙirgen lalatattun saƙonni ne ya tona su. Na farko, adadin na hawa sosai duk lokacin da aka ɗauke wuta inbata ta karɓa, alamar hayaniyarta na bin waya tana shiga na'urar. Na biyu, jiragen da ke can nesa a wurin jefa anga suna zuwa suna ɓacewa. A wannan mita sigina kusan iyakarsa inda ido zai kai ne, kuma daga bene mai tsayin mita 15 zuwa eriyar jirgi mai tsayin mita 30 lissafi na ba da kusan kilomita 40, in babu abin da ya tare. A Apapa kuwa akwai tulin kwantena da tankunan mai a tsakani. Ya ce sati mai zuwa zai je kasuwar Alaba ya nemo doguwar wayar USB da bututun ƙarfe, ya ɗaga eriyar sama da tankin ruwa, ya kai na'urar kusa da ita nesa da inbata, sannan ya sake ɗaukar fayil a sa'a ɗaya da ta yau mu kwatanta ƙirgen biyu.